Makullin Ɗakin Majigi

Auta na guga a falo Baba ya shigo a fusace, ya yi jifa da hularsa kan kujera.

"Na gani da idona! Sun sauke farin allon, sun kafa katako wai dandamali. Shekara talatin ina haska fim a silimar nan, yau wani dogon banza ya mai da ita gidan 'yan tsalle-tsalle, kuma wai shi zai auri 'yata? Sai dai bayan raina!"

"Baba, ba fa Dogo ya rufe ta ba. Shekara takwas jemagu ke kallo a ciki—"

"Rufe min baki!"

Hawayenta na ɗiga kan rigar da take gogewa.

Wata biyar Dogo, mai shirya wasannin gidan, yana zuwa gaisuwa, Baba na ƙure rediyo. Auta ba ta yi fushi ba, ba ta fasa kai wa Baba abinci ba. Ran nan Dogo ya miƙa mata wani makulli.

"Na ɗakin majigin Baba ne, can saman silimar. Ko ƙusa ban taɓa ba."

Sati uku makullin na gefen rediyo. Wata la'asar Baba ya fizge shi.

"Auta, ɗauko buhu, in kwaso kayana kafin su sayar!"

Suka isa silimar, suka hau sama. Ƙasa ana rihazal, wato gwajin wasa. Baba ya leƙa ta 'yar tagar da ya saba, sai ya ga fitila na haska ƙafafun jarumar wasan, fuskarta cikin duhu. Ya daure. Ya kasa.

"Kai! Wane makaho ne a kan fitila?"

"Sori Baba," in ji Dogo, "daga ƙasa muke haskawa."

"Daga ƙasa? Da wannan tagar aka auna ginin nan, sakarai! Hawo da ita!"

Dogo ya hawo da ita a kafaɗa, yana haki. Baba ya saita, haske ya sauka tar a fuskar jarumar. Awa biyu bai saki ba, buhu na yashe a ƙasa.

Da za su sauka ya jefa makullin a aljihu.

"Ba zan bar makafi su lalata min gida ba. Gobe ƙarfe nawa?"

"Huɗu, Baba," in ji Dogo.

"To. Jibi kuma ka turo manyanka."

Auta ta rufe fuska da buhun.

Ku ji da kyau, 'yan mata da samari: tsoho ba a kayar da shi da gardama. Ku yi haƙuri, ku bar masa wurinsa, da ƙafarsa zai hawo.