Hannun Da Ya Kori Mugu

Ranar da Auta ta fara turo Baba a keken marasa lafiya zuwa ɗakin gashin ƙashi na asibiti, ta tarar da wani dogon likita ya harɗe hannu yana kallon wata tsohuwa tana kokawa da maɓallin rigarta. Nan take ta tsane shi, irin tsanar da ke sa mace ta sake waiwayawa.

Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa Baba hannun dama. A gida kuwa ƙauna ta ƙarasa ɓarnar: Auta ce ke ba shi abinci a baki, ta sa masa riga, ta riƙe masa kofi.

Likitan ya zura lafiyayyen hannun Baba cikin safa mai kauri, ya ajiye cokali gaban shanyayyen.

"Baba, in titi ya rufta a ƙwaƙwalwa, takan sari sabuwar hanya. Amma sai an yi ta bi."

"Mugu," in ji Baba da karkataccen baki. Sunan ya bi shi.

Da yamma saƙon Mugu ya shigo wayar Auta: "'Yar lelen Baba, don Allah rage tausayi. Ki zauna kan hannuwanki in ya kama."

Ta mayar: "Kai ba ka da zuciya ne?"

"Ina da ita. Tun safe ta bi wani keke ta fita."

Haka atisaye ya yi ta tafiya, saƙonni suka fi shi sauri. Sai ga ɗan ƙanwar Baba da kujera mai lantarki, da niyyar auren Auta, da "Kawu, ka huta kawai." Baba ya ce ga ɗan albarka.

Ranar da Mugu ya zo gida neman izinin aurenta, Auta ta laɓe bayan labule. Amsa ɗaya ce tsakaninta da auren mai kujerar lantarki.

"Kai? Bayan azabar da ka gana min? Fita!" in ji Baba.

Mama ta saki faranti.

Hannun Baba na dama ne a sama. Yana kakkarwa kamar sabon ɗan maraƙi, amma yatsan na nuna ƙofa daidai. Baba ya bi shi da kallo tun daga kafaɗa har farce, kamar ya ga ɗan da ya ɓata ya yi sallama.

"Allah mai iko," Mama ta raɗa.

Mugu ya durƙusa, idonsa ya kawo ruwa. "Baba, don girman Allah, sake korata."

Baba ya sake. Ya ƙara. Ya yi ta korarsa har kuka ya ci ƙarfin dariya.

Ranar auren Auta da Mugu, Baba ya taka da sanda ya tsaya kansu.

"Allah ya yi muku albarka. Auta, ki yi haƙuri da shi. Ni ma sai da na yi."