Bayan Jarrabawar Ƙarshe

A wokshof ɗin kwalejin injiniyanci, inda ake koyon aikin hannu, suka fara haɗuwa. Auta na duƙe tana fama da wani noti da ya ƙi kuncewa, gumi na ɗiga daga goshinta, sai ta ji murya a saman kanta.

"Baiwar Allah, ƙara ɗaure shi fa kike yi."

Ta ɗago. Wani dogon saurayi ne, rigar aikinsa ta yi masa kaɗan har tsintsiyar hannunsa a waje. Ta miƙa masa sifana tana harararsa. Ya gyara tsayuwa, ya murɗa da ƙarfinsa duka, sifanar ta suɓuce ta daki ɗan yatsansa. Ashe notin irin mai juyin baya ne, ita ce a kan daidai.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa yana yarfe hannu yana kallonta, ya ma manta da zafin.

Tun daga ranar suka zama su huɗu. Ga Auta, ga Dogo, ga Gimbiya, abokiyar ɗakin Auta, wadda ke tsoron baƙin mai ya taɓa mata farce, sai Sarkin Barci, wanda zai yi minshari a lacca amma ya fi kowa maki. Tare suke karatu, tare suke shan faɗan malamai, kwano ɗaya suke sa hannu idan aljihu ya yi sanyi.

Soyayya kuwa ba wanda ya san ranar da ta shigo. Auta dai ta wayi gari tana jiran saƙonsa.

"Autar Baba, kin ci abinci kuwa, ko yau ma lissafi kika ci?"

"Na ci, Dogona. Kai dai ka kula da yatsunka, ƙasa na buƙatarsu."

A shekarar ƙarshe suka haɗa famfon ruwa mai aiki da hasken rana. Ranar gwaji a gaban malamai, famfon ya yi shiru kamar ya yi fushi. Gimbiya ta fara salati. Auta ta durƙusa, ta gano wayar da ta saki, ta mayar. Famfon ya yi tari, ya feso ruwa har kan takalmin shugaban sashe. Mutumin ya dubi ƙafarsa, ya dube su, ya ce, "To, babu mai musun yana aiki."

Da suka fito daga jarrabawar ƙarshe, filin kwaleji ya kaure da ihu. Masu rungumar juna na yi, masu hoto na yi. Auta ta daɗe tana ɗokin wannan rana, amma da ta koma ɗaki ta ga an naɗe katifu, bango ya yi fayau babu jadawalin karatu, sai duk murnar ta gushe.

"Yanzu wa zai riƙa sace min sabulu?" in ji Gimbiya, tana kuka tana dariya. Ta share ido ta ƙara da cewa, "Ke dai kin huta, bin Dogo za ki yi can wajen aikin gadarsa."

"Wace gada?"

Gimbiya ta toshe baki. Ashe wani kamfanin gina gadoji ya ba Dogo aiki a gari mai nisa, kowa ya sani ban da ita.

Auta ta ja akwatinta ta tafi gida ko sallama ba ta yi masa ba. Ya kira har ya gaji. Daga baya saƙo ya shigo.

"Sanyin idona, ban amsa musu ba tukuna. Na ɓoye ne don kada hankalinki ya rabu kina cikin jarrabawa, na kuma ja kunnen su Gimbiya. Na yi kuskure. Ke ya kamata ki fara ji. Idan kin ce kada in je, wallahi ba zan je ba."

Ta karanta, ta sake karantawa, fushin ya narke.

"Ka amsa musu, sarkin wauta. Amma ka fara zuwa ka ga Baba."

Nan fa aka zo wurin. Baba ya ji zancen ya haɗe rai. Yayar Auta ma ta yi karatu, aure ya kai ta nesa, takardunta na ƙasan akwati har yau.

"Ban yi wahalar karatunki don ki je ki jingine shi ba," in ji shi. "Ga ɗan aminina mai shagon magani, nan kusa da mu, ya daɗe yana kawo gaisuwa. Ki yi aikinki, ina ganinki."

"Baba, mutumin kirki ne, amma ba shi nake so ba."

Ba ta tsaya kuka ba. Ta shiga neman aiki, Gimbiya na turo mata duk tallan da ta gani, Sarkin Barci na yi mata tambayoyin gwaji ta waya. Cikin ikon Allah wani kamfanin samar da ruwa ya ɗauke ta, a garin da Dogo zai je. Sai a lokacin Baba ya ce yaron ya zo.

Dogo ya sunkuya ya shigo falo, ya zauna a ƙasa, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Auta na laɓe bayan labule, Mama na zungurinta ta matsa ita ma ta ji.

"Samari, tambaya ɗaya gare ni," in ji Baba. "Yau aiki ya haɗa ku gari ɗaya. Gobe idan aka ɗauke ta zuwa wani wuri fa?"

Dogo ya ɗago kai. "Baba, ko'ina akwai kogin da ke jiran gada. Ni zan tattara in bi ta. Ta fi ni ƙwaƙwalwa, asara ce a zaunar da ita."

Baba ya gyaɗa kai. Can ya juya wajen labule. "Ke da uwarki ku fito, ina ganin ƙafafunku."

Ranar ɗaurin aure, 'yan ajinsu suka zo daga ko'ina, wasu sun yi ƙiba, wasu rana ta ƙona su a wajen aiki. Aka yi ta ihun sunayen tsokana, har baƙi na tambaya ko duk gida ɗaya suka fito. Gimbiya ta rungume amarya ta ƙi saki.

"Na ɗauka mun rabu ke nan," in ji Auta.

"Rabuwa? Ki gyara min ɗaki kawai, hutuna na farko a gidanki zan yi shi."

Da mota ta tsaya a ƙofar gida, Baba ya kama hannun 'yarsa ya sa a na Dogo. Ya ce masa:

"Ga ta nan, amana ce. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa duk abin da kuka gina ya amfani mutane."

Jama'a suka amsa da amin. Auta ta buɗe baki za ta ce amin, kuka ya hana ta. Dogo ya sunkuyo daidai kunnenta.

"Bari kawai, amaryata. Na amsa mana mu biyu."