Jan Zare a Gonar Kankana

Maɓalli na biyu a rigar Mai Zuma ba irin sauran ba ne. Sauran farare, shi kuwa shuɗi, an kafa shi da baƙin zare, irin ɗinkin namijin da ba shi da mai yi masa.

Maɓallin nake kallo don ba zan iya kallon fuskarsa ba. Kawu kuwa sai zazzaga masa faɗa yake yi a tsakiyar gona, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi.

"Ka kwashe akwatunan zumarka daga gindin bishiyata! Yau, ba gobe ba!"

"Baba, don Allah ka saurare ni..."

"In saurare ka? Dubi gonata! Fure ko'ina, amma ina kankanar? Ƙudajenka sun tsotse shi tas, sai ya bushe ya faɗi. Ga wanda ya san aikinsa nan, shi ya faɗa mini."

Ya nuna Mai Magani, wanda ke jingine da motarsa a bakin hanya yana goge takalminsa da hankici. Shi ne mai babban shagon maganin feshi a kasuwa. Tun ranar da ya gan ni a bakin rijiya, ba ya wuce gonar Kawu sai ya tsaya.

Mai Zuma ya sunkuyar da kai.

"Nawa ma mutuwa suke yi, Baba. Kullum sai na share gawarsu a ƙofar akwati."

"Alhaki ne yake bin su! Sannan abu na biyu. Yarinyar nan amana ce ƙanwata ta ba ni. Kada ƙafarka ta sake taka gonata, kada kuma in ji ka ce mata ko sannu."

Na ɗago kai.

"Kawu..."

"Na'am, 'Yar Boko? Kina da magana?"

Ina da ita, cike da bakina. Ilimin tsirrai na karanta a jami'a, na san ciwon gonar nan kamar yunwar cikina. Amma maza uku sun zuba mini ido, sai harshena ya yi nauyi kamar dutse.

"Babu komai," na ce.

Mai Magani ya yi murmushi. Mai Zuma ya dube ni sau ɗaya, babu fushi a idonsa, wannan ne ma ya fi yi mini ciwo. Kafin yamma ya kwashe akwatunansa zuwa tsallaken rafi, can nesa bayan tudu.

Ni dai ba noma ne ya kawo ni ƙauye ba. Na gama karatu, na yi ta yawon neman aiki har takalmina ya cinye, kullum in na zauna gaban masu tambaya sai muryata ta gudu. Umma ta gaji da ganina a ɗaki ta ce, "Tafi wurin yayana ki sha iska, in an kwashe amfanin gona na aiko a ɗauko ki."

Ban san zan so wurin haka ba. Ƙamshin ƙasa in an sakar mata ruwa, sanyin laka tsakanin yatsun ƙafa, barcin da ke ɗaukar mutum bayan ya wuni da fartanya. Hannuna ya yi kanta, na riƙa kallonsa ina jin daɗi. Sannan ga wani da ke ajiye mini saƙar zuma a kan ganye bisa katangar rijiya, ya wuce ba tare da ya ce komai ba. Sai da muka daɗe a haka kafin ya iya cewa, "Malama, ina kwana?" Na daɗe ni ma kafin na iya amsawa.

Yanzu ga shi duk ya rushe, saboda na kasa buɗe baki.

Inna, matar Kawu, ta same ni a bayan rumbu ina kuka.

"To, ga ruwa kyauta, da kin matsa kusa da kankanar ta amfana."

"Inna, wallahi ba ƙudan zuma ba ne. Su ne ma ke sa ta haihu. Feshin da ake yi da sassafe, lokacin da suke kan fure, shi ke kashe su."

"Me ya hana ki faɗa masa?"

"Na kasa..."

"Ko kin faɗa ma ba zai ji ba. Kawunki kunnensa a idonsa yake. Tun ina amarya nake ce masa rufin ɗaki na yoyo, bai yarda ba sai da ya ɗiga masa a hanci." Ta goge mini fuska da bakin zanenta. "Kina son yaron nan?"

Na rufe fuska da tafukana.

"Na ji amsar. To ki sani, Kawunki ba zai yi miki dole ki auri Mai Magani ba, amma ya rantse ba zai ba da ke ga wanda ya kashe masa gona ba. In kina da abin nunawa, ki nuna."

Washegari Inna ta roƙar mini kunya biyu na can ƙarshen gona, kusa da rafi. Kawu ya yi dariya har da buga cinya.

"Ki ɗauka, 'Yar Boko! Ai ko akuya ta raina su. Me za ki yi da su?"

"Kada dai a yi musu feshi, Kawu."

"Ya rage mini aiki."

Furen kankana iri biyu ne. Akwai namiji, siriri, akwai mace, mai ɗan ƙulli kamar ƙwallon yara a ƙasanta. In ƙurar da ke kan namijin ba ta isa wurin macen ba, ƙullin sai ya yanƙwane ya faɗi. Ƙudan zuma ne ke wannan aike, tunda kuwa an kore su, sai na zama ni ce ƙudan.

Kullum da hudowar rana, raɓa na jiƙa mini zane, sai in tsinki furen namiji, in cire masa ganyayen, in goga kansa a hankali cikin macen. Duk wadda na yi wa haka sai in ɗaura mata jan zare a kara. Wasu kuma in bar su da gangan, a jikin yaɗo ɗaya.

Inna ta tsaya a kaina da tulu a ka.

"Ikon Allah! Yarinya ba a aurar da ita ba, ita ta zama mai aurar da furanni. Su ma sai an tambayi kawunsu?"

"Kai, Inna!"

"A yi dai a hankali, kada amaren su yi yawa a rasa angwaye."

Wata safiya ina durƙushe na ji motsin ruwa. Na ɗaga kai. Mai Zuma ne tsaye a tsakiyar rafi, ruwa har gwiwarsa, ya naɗe wando.

"Me kake yi a nan? In Kawu ya gan ka..."

"Gonarsa ya hana ni takawa. Rafi na Allah ne." Ya juya ya fuskanci wata bishiya a gefe. "Ya kuma hana ni yi miki magana, don haka da bishiyar nan nake. Bishiya, ki gaya wa Malamata na rame."

Dariya ta kufce mini, hawaye na bin ta.

"Bishiya, ki ce masa ya yafe mini. Ranar nan na bar shi shi kaɗai."

"Bishiya, ki ce mata ban taɓa riƙe ta ba. Wanda ya saba da ƙudan zuma ya san mai aiki ba ta cika surutu ba." Muryarsa ta sauka. "Sanyin idona, in an zo ɗaukar ki, za ki tafi?"

"Ba na so in tafi."

"To ni ma ba inda za ni. Ko da rafin nan zai kai mini wuya."

Ya juya ya haye, ni kuwa ranar sai da na aurar da fure ɗaya sau biyu saboda ruɗewa.

Ƙullayen masu jan zare suka fara kumbura. Daga ƙwallon yara suka zama kamar dunƙulen hannu, daga nan kamar kan jariri. Sauran gonar kuwa ganye ne kawai da fure mai zubewa. Labari ya bazu, maƙwabtan gona suka fara leƙowa, don su ma ciwon da ke damun su ke nan.

Ranar da suka taru da yawa, har da wata Hajiya mai manyan gonaki a gaba da mu, shugabar ƙungiyar manoman yankin, sai ga motar Mai Magani. Ya fito da sabuwar jarka a hannu, ya dubi kunyoyina, na ga fuskarsa ta canza, sannan ya gyara ta da sauri.

"Alhamdu lillahi, ya yi aiki!" ya ce da ƙarfi. "Baba, ban gaya maka ba ne don ina so in ba ka mamaki. Sabon magani ne, na sa aka gwada shi a kunya biyun nan a ɓoye. Ga shi kowa ya gani. Tun da aka kori ƙudajen nan kuma, ai ka ga albarka ta fara dawowa."

Kawu ya washe baki.

"Kai, ɗan nan, Allah ya yi maka albarka! Ashe kai ne?"

Mutane suka fara matsawa kusa da jarkar. Mai Magani ya dube ni ta gefen ido. Ya san ni. Ya san ba zan iya ba.

Na ɗaga ido. Na hango tsallaken rafi, ga mutum tsaye shi kaɗai a kan tudu. Inna ta mintsine ni a baya, mintsini na gaske.

"Ba haka ba ne!"

Ni kaina sai da muryar ta ba ni tsoro. Kowa ya juyo.

"Kawu, don Allah zo ka duba." Na kama hannun rigarsa na ja shi har bakin kunya. "Wannan kankanar, me ke jikin kararta?"

"Jan zare."

"Wannan fa?"

"Jan zare."

"To ga 'yar'uwarta a yaɗo ɗaya, tazarar taki guda. Tana da zare?"

Kawu ya durƙusa ya taɓa ƙullin da ya yanƙwane. "Babu."

"Ka bi kunyar har ƙarshe. In ka sami kankana ɗaya da ba ta da zare, na yarda maganinsa ne." Na juya wurin Mai Magani, karo na farko na kalle shi ido cikin ido. "Ko maganin naka yana da ido ne, yake zaɓen mai zare?"

Wani dattijo ya fashe da dariya, sauran suka kama. Kawu bai yi dariya ba. Ya bi kunyar a durƙushe, yana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya, ya kai ƙarshe, ya dawo ta ɗayar. Da ya miƙe, gwiwoyinsa duk laka.

"Me kika yi musu?"

Na tsinko fure biyu na nuna musu. Maganar da ta ƙi fita a gaban masu ɗaukar aiki, ranar sai ta zubo kamar an fasa madatsa. Na ce hannuna aikin ƙudan zuma ya yi. Na ce kunya biyu kawai sun kusa karya mini baya, su kuwa za su yi gona guda kafin rana ta take. Na ce ba a hana feshi in ƙwari sun yi yawa, amma a bari sai yamma, fure ya rufe, ƙudan sun koma gida.

Hajiya ta matso, ta riƙe haɓata tana kallona.

"Ke 'yar wa ce? Ina kike aiki?"

"Ba ni da aiki, Hajiya."

"Yanzu kin samu. Gonakin ƙungiyarmu duk wannan ciwon ne. Ina son mai zagayawa ta koya wa mutane, ina kuma son akwatunan zuma a kowace gona. Wa ke da su a nan?"

Duk kawunan suka juya tsallaken rafi.

Kawu ya cire hularsa, ya sosa ƙeya, ya mayar. Ya yi gyaran murya har sau biyu. Sannan ya haɗa tafukansa a baki.

"Kai! Mai ƙudaje! Zo nan!"

Mai Zuma bai bi ta gada ba. Ta cikin ruwa ya faɗo, ya iso a jiƙe sharkaf yana haki, ya tsaya daidai iyakar gona, ya ƙi ƙarasowa.

"Shigo mana!"

"Baba, ka ce kada ƙafata ta taka..."

"To na janye! Sai na rubuta maka a allo?" Kawu ya kawar da kai. "Ka mayar da akwatunanka gindin bishiya. Sannan... ita waccan maganar, ka turo manyanka. Ni zan kira ƙanwata in ce kada ta wahalar da kanta aiko mota."

Inna ta daka tsalle kamar yarinya, ta rungume ni har ɗankwalina ya faɗi.

"Mai aurar da furanni, yau an zo kanki!"

Mai Zuma ya matso, ruwa na ɗiga daga wandonsa.

"Baba, yanzu zan iya ce mata sannu?"

"Ka ce, amma daga nan inda kake!"

Ya dube ni, idanunsa sun cika.

"Sannu, Malamata."

"Yawwa... sannu."

Kawu ya zaro wuƙa ya fasa kankana mafi girma a kan gwiwarsa. Ja wur, ruwa na bin hannunsa. Aka shiga miƙa yanka hannu zuwa hannu, Hajiya tana tambaya ta yaushe zan fara, dattijon nan yana roƙon a fara da gonarsa.

Kawu ya yanko wani yanki ya juya zai miƙa wa Mai Magani. Babu kowa a wurin. Can bakin hanya muka hango shi ya saka jarkarsa a bayan mota, ya rufe ƙofa a hankali, ya ja ya tafi.