Ranar da Ba a Shiga Teku

"Kowa kansa ƙasa! Kai mai jar hula, ba da kai nake ba?"

Muryar Garvin ce ta cika motar. Farar bas ce ɗauke da baƙi ashirin da biyu, waɗanda suka sauko da safe daga ƙaton jirgin ruwan da ya tsaya a Castries, babban birnin tsibirin, za a kai su kallon duwatsun Soufrière a dawo da su kafin ƙarfe biyar. Reshen mangwaro aka gicciya musu a kwana. Direba na taka burki, mutum uku suka ɓullo daga cikin ayaba, fuska a ɗaure da riga.

Linus na tsaye a bakin ƙofa da adda. Shi masunci ne, kuma abin da aka ce masa tun farko shi ne aikinsa tuƙin kwale-kwale kawai, ya tsallakar da su tsibirin Martinique. Amma Garvin wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda aka koro daga Amurka bara har ake ce masa Yanki, wato ɗan Amurka, kuma tun suna yara Linus bai taɓa iya ce masa a'a ba.

Na ukunsu, Didier, shi ke bi kujera kujera da jaka. Waya, agogo, sarƙa, kyamara, duk a ciki. Verna, mai yi wa baƙi bayanin hanya, ta durƙusa da makirufo a hannu, ta ma manta tana riƙe da shi. Didier ya tsaya kan wata tsohuwar Baturiya da ke ta murɗa zobenta ya ƙi fita.

"Hajjaju, zoben ko yatsan, zaɓi ɗaya, sauri nake."

"Ƙyale ta mana," in ji Linus, "ba ka ga ba ya fita ba?"

Maganar da ya yi ke nan. Direba, Mista Alcide, wanda ya shekara yana sayen kifi a hannunsa, ya ɗago kai a hankali.

"Linus? Ɗan Ma Philo?"

Tau!

Bindigar Garvin ce. Alcide ya kife kan sitiyari, hon ya ɗauka bai tsaya ba. Ihu ya ɓarke.

"Mu ware!" Garvin ya fizgi wuyan rigar Linus. "Gudu, shashasha — gudu!"

Suka faɗa cikin gonar ayaba, suka bi gangare. Ganye na marin fuska, ƙafa na zamewa a laka. Sai da ƙarar hon ta yi nisa Linus ya sami bakin magana.

"Yaya, ka ce ba za a taɓa kowa ba."

"Wa ya buɗe baki? Ni ko kai? Ya kira sunanka, ya kira na Mama. Yanzu in ka kwana a tsibirin nan, a kurkuku za ka tsufa. Ruwa kawai ya rage mana, ka gane ko?"

Ya gane. Tsibirin ba shi da faɗin da mutum zai ɓace a ciki. Hanyar mota ɗaya ce a wannan gefen, kowa kuma ɗan'uwan wani ne.

A ofishin 'yan sanda, Kofur Mathurin ta ajiye waya bayan Verna ta gama kuka a kunnenta. Ta sa a tare hanya gaba da baya, sannan ta tambayi wanda ke kusa da ita, "Ɗan Ma Philo, ba na garin Anse Mirel ba ne, mai shuɗin kwale-kwale? To ɗauko mota. Yau ko kaza ce ta hau ruwa za mu gan ta."

Gaskiyarta. Ranar Babbar Juma'a ce, ranar tuna gicciye Yesu, kuma a ranar ba mai shiga teku. Garvin ne ya zaɓi ranar da kansa, ya ce rabin 'yan sanda na hutu, rabi na gadin masu zagayen coci, kuma babu masuncin da zai gan su a ruwa. Da Linus ya ce masa, "Yaya, ba a shiga fa ranar nan," dariya ya yi ya ce, "In ka shiga za ka zama kifi ko? To sai mu soya ka." Don haka ranar Alhamis da rana Linus ya cika tanki, ya kai kwale-kwalensa bayan wani dutse a ƙarshen gaɓar Anse Mirel, ya jefa anka, ya hau tudu wurin su Garvin bai gaya wa kowa ba.

Yanzu ga su sun fito daga daji daidai dutsen, numfashi sama sama. Ruwa shuɗi, kwance, ba komai a kai.

"Ina jirgin?" in ji Didier.

Linus ya juya ya dubi gaɓa. Ga shi can. Can sama a kan yashi, nesa da bakin ruwa, cikin layin sauran kwale-kwalen garin, an ɗora shi kan gumagumai, an cire injin, har an lulluɓe shi da ganyen kwakwa don rana.

Ba sai an gaya masa ba. Duk yammacin Alhamis ɗin nan mazan gari kan taru su ja jirage sama ɗaya bayan ɗaya, ba a tambayar na wane ne. In mutum ya manta nasa, ko ya bugu, ko ya yi tafiya, a ja masa, a kai injinsa shagon ƙungiyar masunta a kulle. Shi kansa bara da kafaɗarsa aka ja na Cyprian mashayi. Ya ɗauka dutse zai ɓoye nasa. Ya manta Baba Eustace, shugaban masunta, ba ya tafiya gida sai ya ga kowane jirgi a wurinsa.

"Taimako suka yi min," ya faɗa a hankali.

"Taimako?" Garvin ya sharara masa mari. "Taimakon uwar wa? Ku zo mu tura!"

Suka ruga, suka watsar da ganyen, suka sa kafaɗa. Ɗaya, biyu — tura! Jirgin ya yi ƙara, ya motsa kamar taki ɗaya, ya tsaya. Jirgi ne da sai mutum takwas ke iya turawa. Suka sake, jijiyar wuya ta tashi, ƙafa ta nutse a yashi. Ko gezau.

Daga saman tudu, jiniya. Tana nesa, tana bin kwana kwana, amma saukowa take. Daga cikin gari kuma waƙa ce ke tahowa a hankali, muryoyin mata da maza, masu zagaye da gicciye sun nufo bakin gaɓa inda sukan tsaya addu'a.

Didier ya dubi tudu, ya dubi gari, ya dubi jirgin. Ya sunkuya ya ɗauki jakar.

"Oga, ni fa na ga alama ruwan nan ba rabona. Daji ya fi min."

"Ajiye jakar," in ji Garvin, ya ɗaga bindiga.

"Mu haɗu a gaba, kowa ya yi ta kansa!"

Ya zuba a guje. Taku goma bai cika ba — tau! tau! Ya faɗi rub da ciki, ƙafarsa ɗaya na shure yashi.

Waƙar ta yanke.

Mutum sun fi ɗari a bakin titi, cikin fararen kaya da baƙaƙe, yara riƙe da hannun iyayensu. Gicciyen katako na kafaɗar maza huɗu. Garvin ya je ya zare jakar daga ƙarƙashin Didier, ya rataya ta a wuya ya zura hannu, igiyar ta gitta ƙirjinsa. Ya fizge rigar da ke fuskarsa, ya ɗaga bindiga.

"Maza takwas! Ku zo ku tura jirgin nan, yanzu!"

Baba Eustace ya fito gaba da sandarsa. "Garvin, kai ne? Ɗana, yau ba a taɓa jirgi. Ubanka ma..."

"Bar ubana ya huta, tsoho. Ina injin?"

"Yana shago. Makulli na wurin sakatare, ya tafi Castries wurin 'yarsa."

Sai ga Ma Philo ta ratso mutane, carbinta a hannu, baƙin ɗankwali a kai. Ba ta ɗaga murya ba. "Garvin, ajiye abin nan. Linus, cire tsumman nan daga fuskarka, wa kake ɓoye wa?"

Linus ya cire. Ya kasa kallonta.

"Mama, koma baya," in ji Garvin. Ya ɗora bakin bindigar a kunnen Baba Eustace. "Akwai filafilin tuƙi a ciki, ya isa. Mu zaga bayan dutse, mu tare jirgin wani Bature. Zan ƙirga uku. Ɗaya!"

Maza suka jingine gicciyen a jikin bishiya, suka taho cikin kayan cocinsu. Aka jera gumagumai zuwa ruwa. Garvin ya haye ya zauna a goshin jirgin, bindiga na kallonsu. Linus ya kama ta baya, ya sunkuya zai sa kafaɗa.

Nan idonsa ya faɗa kan ramin.

Duk jirgin da aka ja sama, sai an zare toshiyar da ke gindinsa don ruwan sama ya tsiyaye. Ramin na nan a buɗe, baƙi, babban yatsa zai shige. Toshiyar kuwa tana shago tare da injin. Linus ya ɗago. Mazan da ke gefensa duk masunta ne, duk sun gani, kowa ya kafa ido a yashi. Baba Eustace ne kawai ya dube shi, sau ɗaya, ya kau da kai.

Jirginsa ne, wansa ne, in akwai mai magana shi ne. Ya buɗe baki. Jiniya ta karyo kwanar ƙarshe. Ya ga abin da zai biyo baya kamar a tafin hannunsa: Garvin ya diro, ba jirgi, ba hanya, bindiga a hannu, mutum ɗari a gabansa, 'yan sanda a bayansu, Mama a tsakiya. Tun safe mutum biyu ya harba bai ko ƙifta ido ba.

Linus ya rufe bakinsa. "Ku tura," ya ce.

Jirgin ya gangara, ya daki ruwa. Mazan suka tsaya cak inda kumfa ke ƙarewa, ba wanda ya bari ta taɓa takalminsa. Linus kaɗai ya shiga, gwiwa, ƙugu, ƙirji. Ya tattara ƙarfinsa ya yi masa turi ɗaya, ya saki.

"Hau mana! Linus, hau!"

Bai motsa ba. A ransa yana cewa jirgin zai cika a nan kusa, Garvin ya jefar da bindiga ya fito da ƙafarsa. Amma gaɓar Anse Mirel ba ta da sauƙi, taku kaɗan ƙasa ke yankewa, kuma ruwan na janyewa ne. Ya ɗauki jirgin ya yi gaba da shi.

Garvin ya ɗauki filafili yana dukan ruwa ta gefe ɗaya, jirgin sai juyawa yake a wuri guda. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka tafi da shi Amurka, bai san tuƙi ba, iyo ma sai na tafkin wanka. Motar 'yan sanda ta tsaya, Kofur Mathurin ta diro tana cewa kada wanda ya yi harbi. Kowa na tsaye yana kallo. Gindin jirgin ya fara zama. Garvin ya dubi ƙafafunsa, ya miƙe tsaye.

"Ka sayar da ni! Ɗan'uwana, ka sayar da ni!"

Tau! Harsashin ya tsaga ruwa kamu ɗaya daga kafaɗar Linus. Sai igiyar ruwa ta zo ta gefe, ba ma babba ba, ta kifar da jirgin.

Kan Garvin ya fito sau ɗaya. Ba zagi ya yi ba wannan karon. Sunan Linus ya kira, irin kiran da yakan yi masa suna yara.

Linus ya yi iyo kamar zai tsaga ruwan. Ya nutse, bai gan shi ba. Ya fito, ya ja iska, ya koma. A na uku ya kamo igiyar jakar, ta naɗe wuyan Garvin da hammatarsa, nauyinta na jan shi ƙasa. Kafin ya zare ta ya jawo shi gaɓa, an gama. Kofur Mathurin ta danna ƙirjinsa har hannunta ya gaji, sannan ta tashi ta sa wa Linus ankwa.

Mista Alcide bai kai asibiti ba, ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Baƙin sun koma jirginsu biyar saura kwata, jirgin ya busa ya tafi, kuma har ƙarshen wannan kakar wasu jiragen ba su ƙara barin mutanensu su bi hanyar ba. Matan da ke sayar da kayan ƙamshi da ƙosan kifi a bakin titi suka riƙa komawa gida da kayansu. Verna ta bar aikin. Linus daga baya shekara goma sha takwas alƙali ya ba shi.

Amma kafin shari'a, mako biyu da binne Garvin, Ma Philo ta zo ganinsa da kwanon ayaba da kifin gishiri. Suka zauna, tebur a tsakaninsu, gandiroba na tsaye a ƙofa. Ta rame. Ta daɗe tana gyara murfin kwanon.

"Linus, abu ɗaya zan tambaye ka, kada ka yi min ƙarya. Ka ga ramin a buɗe?"

Ya so ya ce rana ta kashe masa ido, ya so ya ce sauri ake. Ya sunkuyar da kai.

"Na gani, Mama."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta buɗe kwanon, ta tura masa, ta sa masa cokali a hannu kamar ƙaramin yaro.

"Shekara talatin ina zare wa ubanku toshiyar nan," ta ce. "Ina tsaye a bayanka. Ni ma na gani."