Fuskar Latifa a Bangon Tasha

"Ko shi goge ta kafin kasuwa ta ci, ko a maida mishi kayanshi," in ji Malam Hamidu, ya dangwarar da buta.

Ɗiyarsa Latifa na bakin murhu tana ji. Saura sati uku fa aurenta da Muzammil.

Shi Muzammil ɗin shekara huɗu ya yi a Abijan, can ya koyo zanen bangon shaguna. Da ya dawo Gidan Rumji, kowane mai aski sai ya ce shi ma a zana masa kawuna irin na birni. To sai Zakiyya mai kitso ta sa shi ya zana mata mace a shagonta na bakin tasha. Mace ta fito da wushirya, ga tawadar Allah a kumatu, Latifa sak. 'Yan kabu-kabu har gaishe ta suke, "Amarya, an tashi lafiya?"

"Ɗiyata a bango, kowane direba na ƙare mata kallo," Malam ya ƙara.

Kaka Habsatu ta ɗago daga tabarma. "Hamidu, ba a shafe fuskar mai rai da fenti. Balle amarya. Ni dai na faɗi."



Da la'asar Muzammil ya zo zaure, hannunsa duk fenti. Latifa ta tare shi da hawaye.

"Ka gama da ni, Muzammil."

"Wallahi ban nufa ba. Duk macen da na zana, ke ce take fitowa."

"A bar ta, Baba ya raba mu. A shafe ta, Kaka na tsoron abin da zai same ni. Sai ka zaɓa."

 Kwana biyu Muzammil yana kan tsani, ya rufe bangon da buhu, Latifa ko abinci ba ta iya ci.

Ranar kasuwa aka yaye buhu. Matar na nan, amma ta juya baya, sai ƙeya da kitson shuku. Malam ya daɗe tsaye yana kallo, sannan ya ce, "A ɗaura." Haƙuri da ladabi dai ba su taɓa ba da kunya ba, 'yan uwa.

Sai dai da Latifa ta wuce ta nan bayan biki, sai ta tsaya cak. Ɗan tabon ƙunar da ke bayan kunnenta tun tana yarinya, ga shi nan a bango.

Ku a ganinku, Malam bai gane ba ne, ko shiru kawai ya yi?