Hedifon ɗin Kaka

Akwai wani yaro da yake ganin babu wanda ya kai shi sanin kiɗa a gidansu. Ko cokali ne ya faɗi ƙasa, sai ya ce sautinsa bai fita da kyau ba. A firamare yake, amma in yana bayani sai ka rantse shi ya ƙera rediyo.

Gidansu gidan hayaniya ne. Ƙannensa ba sa zama wuri ɗaya. Jaririyar Mama in ta buɗe baki, har titi ana jin ta. A bayan katanga kuma akwai injin niƙa, yana ruri tun safe har yamma.

A cikin wannan hayaniyar Kaka take zaune, mahaifiyar Mama. Ita da yaron ba sa rabuwa, kuma ba sa daina tsokanar juna. Maigida take kiransa.

Kaka tana da waƙa ɗaya da take so fiye da komai. Ba ta rediyo ba ce. Mijinta ne ya rera ta, marigayi Baba Tela. Shi mutum ne mai waƙa yana ɗinki. Tun kafin a haifi Mama, wani abokinsa ya ɗauki muryarsa a kaset, a cikin shago, keken ɗinki yana tafiya. Daga baya Kawu, ƙanen Mama mai gyaran waya, ya juye waƙar a wayar Kaka.

Sai dai kunnen Kaka ya yi nauyi. Takan manna wayar a kunne ɗaya, ta toshe ɗayan da yatsa, ta runtse ido. Duk da haka ba ta jin kalmomin sosai. Abin yana damunta, ko da yake ba ta faɗa.

Wata ranar Asabar Kawu ya zo da kwali biyu. Kaka tana barcin rana. Ya kira yaron, ya buɗe kwalayen a kan tebur.

Hedifon ne guda biyu, irin wanda ake ɗorawa a ka ya rufe kunne ruf. Ɗaya baƙi ne, babba, yana sheƙi. Ɗayan ruwan toka ne, ƙarami, ba shi da wani ado.

"Ɗana, duba bayansu," in ji Kawu. "A rufe yake, babu ko 'yar ɓula. Hayaniyar waje ba ta shiga sosai. Abin da kake ji kuma ba ya fita ya dami mutane. Irin wannan ne ya dace da Kaka."

"Ai na sani, Kawu," in ji yaron.

"To, masani, saurara. Sautinsu ba ɗaya ba ne. In ta tashi, ka sa mata waƙarta a wannan, ka sa mata a wancan. Kada ka ƙara sautin ɗaya ka rage na ɗaya. Wanda ta fi jin daɗi shi ne nata. Gobe zan zo in mayar da ɗayan shago."

"An gama, Kawu."

Kawu yana fita, yaron ya ari wayar Mama. Ya ce bari ya ɗan gwada kafin Kaka ta tashi. Ya sa waƙar da suke yayi a makaranta, mai ganga da yawa.

Ya fara da mai ruwan toka. Muryar mawaƙin ta fito tas, amma gangar ba ta da ƙarfi. Ya taɓe baki.

Ya ɗora baƙin. Ya ƙure sautin. Dum! Dum! Dum! Ganga ta shiga kansa har haƙoransa suna rawa. Ya miƙe ya fara taka rawa a tsakar ɗaki. Ƙannensa suna yi masa dariya, shi ko jinsu ba ya yi.

"Wannan shi ne hedifon!" ya faɗa da ƙarfi, har jaririya ta farka.

Nan take ya yanke hukunci. Ya mayar da mai ruwan toka cikin kwali, ya tura ƙarƙashin tebur. Me za a wahalar da tsohuwa da gwaji? Ai shi ne mai kunne. Kuma can cikin ransa akwai wani tunani da bai gaya wa kowa ba. In baƙin ya zama na Kaka, ba za ta hana Maigidanta aro ba.

Da Kaka ta tashi, ya kai mata baƙin da hannu biyu.

"Kawu ne ya kawo. Ni na zaɓa miki mafi kyau."

"Kai, Maigida! Yau ka yi cefane ke nan," in ji Kaka tana dariya.

Ya ɗora mata a ka, ya kunna waƙar Baba Tela. Kaka ta kasa kunne. Ta karkata kai. Ta daɗe a haka, sannan ta cire shi a hankali.

"Ya yi, ko?" in ji yaron.

Kaka ta dubi fuskarsa, ta ga yadda yake murna.

"Allah ya yi maka albarka," in ji ta.

Washegari Kawu ya zo cikin sauri. Yaron ya miƙa masa kwalin mai ruwan toka, ya ce an gama zaɓe. Kawu bai tambayi komai ba, don ya yarda da shi.

Bayan 'yan kwanaki yaron ya dawo daga makaranta, ya leƙa ɗakin Kaka. Baƙin hedifon yana rataye a ƙusa, kusa da ƙofa. Kaka kuwa tana bakin gado. Ta manna waya a kunne, ta toshe ɗayan da yatsa, kamar dai da.

Ya koma wurin Mama a kicin, ransa a ɓace.

"Mama, Kaka ba ta san abu mai kyau ba. Ta rataye shi a ƙusa."

Mama ta ajiye wuƙar da take yanka albasa.

"Da wace waƙa ka gwada shi?"

"Da tawa."

"A kunnen wa?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "A nawa."

"To, je ka ɗauko shi. Ka roƙi Kaka wayarta. Ka ji waƙar babana da shi, sannan ka dawo mu yi magana."

Ya je ya yi yadda aka ce. Yana kunnawa, sai ƙarar keken ɗinki ta cika masa kunne. Gurr, gurr, gurr. Baƙin hedifon yana ƙara wa kowane sauti mai kauri ƙarfi, shi ya sa ganga ta yi masa daɗi. A nan kuwa keken ya kumbura, ya danne komai. Muryar Baba Tela tana can ƙasa, kamar mai magana a cikin bargo.

Yaron ya ji kunya ta rufe shi. Shi mai lafiyayyen kunne da ƙyar yake jin kalmomin, balle Kaka.

"Kaka, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na ga kana murna," in ji ta. "Ba na son in ɓata maka."

Wannan maganar ta fi duka zafi. Ya ajiye jakar makaranta. Abokansa suna kiransa ƙwallo a ƙofar gida, bai ko waiwaya ba. Ya nemi izinin Mama, ya ruga shagon Kawu.

Ya tarar da Kawu ya sunkuya a kan wata waya, yana kwance ta da ɗan siririn sukudireba. Kwalin mai ruwan toka yana kan kanta, an riga an sa shi a leda.

"Kawu, kada ka bayar da shi!"

"Lafiya? Wani direba ne ya ce in ajiye masa. Yanzu zai zo ya ɗauka."

Yaron ya matso kusa da Kawu. Ya faɗi gaskiya duka. Ya ce Kaka ba ta gwada ba. Ya ce da waƙarsa ya zaɓa. Har maganar aron ma bai ɓoye ba.

Kawu ya cire tabarau, ya dube shi.

"Na ba ka amana, ka ce mini an gama. Yanzu ni zan ji kunyar mutumin da na yi wa alkawari."

"Ka yi haƙuri, Kawu." Hawaye ya cika idon yaron.

Kawu ya kira direban a waya. Ya ba shi haƙuri, ya ce a bari sai gobe. Yaron yana tsaye yana ji, kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ƙyar direban ya yarda.

"Ɗauki kwalin," in ji Kawu. "Rufe shago zan yi. Wannan karon a gabana za a yi."

A ɗakin Kaka, yaron ya jera hedifon biyun a kan gado. Ya daidaita sautin wayar, ya yi alkawarin ba zai taɓa shi ba. Ya sa mata baƙin. Ta saurara, ta girgiza kai.

"Keke nake ji. Ai na sha jin keken nan, ba shi nake nema ba."

Ya cire, ya mayar da waƙar baya zuwa farkonta, ya ɗora mata mai ruwan toka. Bai ce komai ba. Wannan shi ne abu mafi wuya a gare shi, domin bakinsa bai saba hutawa ba.

Kaka ta lumshe ido. Sai leɓenta ya fara motsi. Tana bin waƙar, kalma bayan kalma. Injin niƙa yana ruri, yara suna guje-guje, ita ba ta san ana yi ba. Mama ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa.

Can kusa da ƙarshe Kaka ta zabura. Ta kama hannun yaron.

"Mayar! Mayar baya kaɗan!"

Ya mayar. Ta saurara, sai ta fashe da dariya, hawaye yana zuba a kumatunta.

"Ni ce! Wallahi ni ce! Ga ni nan ina ce masa abinci zai huce. Shi kuma ya ce in bari ya ƙarasa baiti ɗaya. Ashe da ni aka ɗauka, ban taɓa ji ba!"

Ta cire hedifon ɗin ta ɗora wa yaron. Ya ji muryar kakansa a fili, mai taushi. A bayanta kuma ga muryar wata matashiya, tana faɗa tana dariya.

"Kaka, ashe tun da can kin iya faɗa!"

"Ji ɗan nema!" in ji Kaka. Ta ja masa kunne, sannan ta rungume shi.

Mama ta karɓa ta saurara. Kawu ma ya karɓa. Kowa a ɗakin yana jiran a zo kansa.

Da aka gama, Kawu ya dafa kafaɗar yaron.

"To, ɗana, me ka koya?"

Yaron ya yi ɗan tunani.

"In za ka zaɓa wa mutum abu, ka tambaye shi. Abin da ya yi mini daɗi ba lallai ya yi wa wani ba. Kuma in an ba ni amana, in yi yadda aka ce."

"Haka ne," in ji Mama.

Kaka ba ta ji su ba. Ta riga ta mayar da hedifon ɗinta a ka, tana yi wa yaron alama da hannu ya sake kunna mata daga farko.