Awon Rijiyar Mandera

A shekarar fari, malamin sakandaren Boɗinga ya raba ɗalibai bibbiyu su riƙa auna ruwan rijiyoyin ƙauye. Ranar kasuwa Lirwanu ya bar abokinsa Maniru shi kaɗai a rijiyar Mandera, ya tafi kallon dambe. Bakin rijiyar ya rufta da Maniru, sai gawarsa aka ciro.

Tun daga nan Lirwanu bai ƙara barcin kirki ba. Wata magariba ya daure ya koma awon. Yana jan igiya ya ji warin laka, ruwa na ɗiga a kafaɗarsa, alhali ko gajimare babu.

A bayansa wata murya mai rawar sanyi ta ce, "Lirwanu, an tashi damben? Tun ɗazu nika jiranka."